Shekarar da Aka Yanka Mini Littafi da Wuƙar Albasa

Na san abin da kuke gaya wa abokanku game da ni. Nura ta ce ubanta ya faɗi jarrabawa ne don barci ya sace shi a gaban kwamfuta, Faisal kuma ya ƙara da cewa har bakin titi aka jiyo minshari. To ku saurara, tun ina da haƙoran faɗar gaskiya. Ban yi barci ba. Idona biyu na faɗi jarrabawar nan, bakina yana motsi, kaina cike da karatu har yana neman tsiyayowa ta kunne. Yadda aka yi haka shi zan rubuta muku, domin ƙara wa labari gishiri a gidan nan aikina ne, ban ba kowa aro ba.

Tun ina saurayi nake aikin wuta a ƙarƙashin Alhaji Sale, wanda duk unguwarmu ta Mansur a Makka ke kira Ammi Sale, wato Baffa Sale da Larabci. Shi ke da shago, shi ke da ruksa, wato takardar izinin karɓar kwangilar lantarki, mu kuma mu ke da tsani da sukundireba. Ba yabon kai ba, babu wayar wuta a Makka da ba ta san hannuna ba. In wuta ta ɗauke a gida, tana jin tarina a ƙofa take dawowa don kunya. A wancan zamani aikin unguwa ba ya neman takarda. Tsohuwa a unguwar Nakkasa za ta aiko a ce na'urar sanyinta ta mutu, ka hau dutse kana haki, ka gyara, ta sallame ka da shayi da addu'ar da za ta ishe ka har jikoki. Sai aka rushe yawancin Nakkasa, mutanenmu suka watsu, aiki ya koma manyan gidajen da ake sauke alhazai. Masu waɗannan gidaje ba sa tambayar ɗan wa kake. Ruksa kawai suke son gani.

Wata rana bayan la'asar Ammi Sale ya kira ni bayan shago, ya ɗora ƙafarsa a kan wani babban naɗin waya, yana murza gwiwa.

"Usmanu, gwiwa ta ƙi," in ji shi. "Idan takardar nan ta ƙare ba zan sabunta ba. 'Ya'yana ɗaya likitan haƙori ne, ɗayan yana Jidda, ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba."

"To sai ka bar mini ita, Ammi."

"Ai ba hula ba ce da zan cire in ɗora maka. Ruksa ba a gadonta. Je ka zauna jarrabawa ka samo taka, in miƙa maka makulli. In ka kasa, in rufe, kowa ya kama gabansa."

Wannan "kowa" da ya faɗa da sauƙi, mu shida ne, kuma babba a cikinmu shi ne Habu, wanda kuke kira Baffa Habu. Rana ɗaya muka fara ɗaukar tsani ni da shi, yana riƙe gaba ina riƙe baya, muna buge mutane a kasuwa. Bambancinmu ɗaya ne. Ni kakana ya iso daga ƙasar Hausa da wuri, a ƙafa, muka samu zama 'yan ƙasa. Habu a Makka aka haife shi kamar ni, amma iyayensa daga baya suka zo ta Chadi, don haka takardar zamansa, ikama, a jikin shagon take rataye. In shago ya rufe sai ya nemi wani ya ɗauke shi da furfurarsa, in bai samu ba a ce ya koma ƙasar da bai taɓa gani ba, shi da matarsa Hauwa da 'ya'yansu. Ranar da zancen ya iso kunnensa yana bakin aiki. Ya dube ni kawai, ya ci gaba da fere waya.

Ni dai na ɗauka za a tambaye ni baƙar waya da ja, in amsa ina kishingiɗe. Sai Nura, lokacin tana jami'a, ta kawo mini littafin. Littafi ne wanda in ya faɗo wa akuya sai dai a nemi wuƙa. Na buɗe farko babu waya, na buɗe ƙarshe babu waya. Duk doka ce da kasuwanci: yadda ake ƙulla kwangila da yadda ake warware ta, haƙƙin ma'aikaci, abin da ke kan ɗan kwangila in aiki ya makara, wa za a kama in gobara ta tashi bayan an gama. Na tambaye ta ko ta yi kuskure ta ɗauko na alƙalai.

"La ya Baba, shi ne," in ji ta, da Hausarta mai ɗingishi. "Su ba su tambaya ka iya aiki. Suna tambaya ka iya riƙe mutane."

To ni karatu iri ɗaya na sani a duniya, shi ne wanda Malam Isa ya koya mana a zaurensa na Nakkasa, da allo da tawada. Sai na shimfiɗa tabarma a falo, na tanƙwashe ƙafa, na ɗora littafi a cinya, na kama daga shafin farko ina rerawa ina rangaji. Allah ya yafe mini, na san babu haɗi ko kusa, amma muryar karatun da nake da ita ke nan. In na haddace shafi sai in haɗa shi da na jiya, in ɗauko tun daga sama. Ko sunan maɗaba'a ban bari ba. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da sautin kawai take ji ta bango, ta aiko da ruwa a gora in tofa wa jikarta mai ciwon kunne, ba ta san sharuɗɗan soke kwangila nake rerawa ba. Mahaifiyarku Balki ta ce ko a mafarki tana jin "babi na uku". Da na kai bango na rufe, sai na sa sabuwar riga na tafi majalisarmu ta mai shayi a Mansur, na shaida wa jama'a cewa in hukuma ta ɓatar da littafinta ta zo wurina in zuba mata shi daga kai.

Ranar jarrabawa aka zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firij, kowa da kwamfutarsa. Tambayar farko ta fito, sai na ga labari ne: wani ɗan kwangila ya kama aiki, mai gida ya sauya tsari a tsakiya, aiki ya makara, to laifin wa? Na yi murmushi, domin na san amsar tana nan, can gaba da tsakiyar littafi kaɗan. Sai dai a kaina littafin ƙofa ɗaya gare shi, ita ce shafin farko. Na runtse ido na kama daga sama, na bi ta gabatarwa, na ratsa babi na ɗaya, na biyu, ina gudu kamar wanda kare ya biyo, har na iso wurin, na danna amsa daidai. Tambaya ta biyu ta fito daga kusa da ƙarshe. Na nemi in ci gaba daga inda na tsaya, zaren ya tsinke, na koma shafin farko. Ban san jikina ya fara rangaji ba sai da kujerar ta kama kuka. Wani saurayi mai sa ido ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ya ammi, lafiya? In kira likita?"

"Lafiya lau, ɗana, hanya nake bi."

"To ka bi ta a zuci, ka hana mutane tunani."

Duk tambayar da na iso gare ta na amsa ta daidai, wannan ku rubuta ku ajiye. Amma ko rabi ban kai ba kwamfutar ta rufe fuskarta. Na fito cikin rana tsaka, zufa tana bina, sabuwar rigar tana mini dariya.

A gida na tarar da kakarku Inna a kan kujerarta 'yar tsugune tana tsintar shinkafa, Balki kuma tana yanka albasa. Na zauna na ba su labari tun daga kujera mai kuka. Balki ta yi dariya har da hawaye, ta ce albasa ce. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye faifai ta dube ni kamar ranar da na fasa mata tulu.

"Kai Usmanu, haka Malam Isa ya koya maka?"

"Haka fa, Inna. Daga sama har ƙasa."

"Ƙarya kake. Ni nake kai masa tuwo, ina gani. Ƙur'aninsa ba ɗinkakke ba ne, warƙa-warƙa yake a cikin gafaka. Ranar Laraba sai ya zura hannu ya zaro wadda ta zo, ya ja maka baki, ka ɗauka daga nan. Wanda ya ce sai ya koma farko bulala yake sha, kai ma ka sha ta fi a ƙirga. Ka ɗauki rabin karatun mai daɗi, na rera murya, ka bar rabin mai ciwo."

Kafin in buɗe baki Balki ta miƙe, ta ɗauko littafin daga kan talabijin, ta kwantar da shi a kan katakon yanka, ta bi bayansa da wuƙar albasa daga sama har ƙasa. Ihun da na yi, na tabbata an ji shi a Mina. Ita kuwa ta zazzage shafukan cikin babbar samirar da muke zuba shinkafar baƙi, ta cakuɗa su da hannu biyu kamar tana kwaɗa rama, ta rufe da murfi.

"Daga yau," in ji ta, "ba shayi, ba tuwo, ba makullin mota, sai an zaro an tambaye ka."

Washegari na je wurin Ammi Sale. Ya ce takardarsa za ta kai bayan Hajji da kaɗan, jarrabawa ɗaya ke nan ta rage mini kafin ta ƙare. Ku da kuka girma a Makka kun san abin da watannin gabanin Hajji suke ga mai aikin wuta. Lokacin ne kowane gidan alhazai ke neman a duba masa wayoyi da na'urorin sanyi, abin da aka samu a nan shi ake ci har shekara ta zagayo. A nan na yanke shawarar da har yau wasu ba su yafe mini ba. Na ce bana ba zan hau tsani ba, kuma ba zan taka majalisa ba, sai na ci jarrabawar nan. Na miƙa wa Habu jakar kayan aikina.

"Wato mu za mu soyu a kan rufi, kai kana gida kana cin takarda," in ji shi.

"In ban ci takardar ba, baɗi babu rufin da za mu soyu a kai."

"To ka ci da kyau. In ka sake faɗi, a gidanka zan tare da Hauwa da yara, mu kwana a falo, in ga inda za ka shimfiɗa tabarmar."

Dariya ya yi, amma idonsa bai yi ba.

Abin ya ci mana. Wasu masu gidaje da suka saba ganin fuskata suka ce in ba Usmanu sai dai su ba wani, suka kuwa bayar. Samari biyu daga cikinmu suka ga shagon yana tangaɗi, suka koma wurin wani ɗan kwangila a unguwar Rusaifa, ban ga laifinsu ba. Habu ya rage da mutum biyu yana aikin mutum shida, ya rame har wandonsa ya nemi sabon rami a bel. A majalisa aka ce na zama shehi, na fi ƙarfin zaman benci. Ɗan'azumi, abokina tun na ƙuruciya, ya aurar da 'yarsa, kuma duk bikin unguwarmu ni nake ja musu fitilu. Na je ɗaurin aure na yi addu'a na dawo, ban ja ko ƙwai ɗaya ba. Har yau in mun haɗu gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau". Wannan yana mini ciwo, kuma ba zan ce muku bai kamata ya ji haushi ba.

A gida kuwa na zama fursuna mai masu gadi uku. In na fito daga wanka, Nura tana ƙofa da shafi a hannu. Ba ta ja mini baki yadda yake a rubuce, sai ta juya tambayar ta baya, ta sa mata wutsiya. Balki takan tsaya da kofin shayi a sama, tururi yana tashi, ina kallo yana hucewa, sai na amsa. Na sha shayi mai sanyi a watannin nan wanda zai cika rijiya. Amma wadda ta fi ba ni wuya ita ce Inna, da ba ta karanta rubutun boko ko na jarida. Ita ba ta zaro shafi. Labari take kawowa, na mutanen da ta sani tun zamanin da Mansur ke da awaki.

"Wani magini ya kama ginin wani Alhaji, an kai linta Alhajin ya rasu. Magada suka ce ba su san zance ba. To me littafinka ya ce? Kuma da Hausa za ka faɗa mini, kar ka yi mini waƙa."

A nan na gane abin da ya same ni. Da Larabci ina zubo shi kamar famfo, amma in aka ce in faɗa da Hausa sai in tsaya ina susar ƙeya. Ashe duk rerawar nan bakina ne ya yi karatu, kunnena bai halarta ba. Sai na fara zaro shafi da kaina, in karanta a hankali ba murya, in tambayi kaina, da ni ne a wannan gini me zan yi? Kowace doka na nemo mata fuska. Ta makarar aiki na ba ta fuskar wani mai gida mai yawan sauya ra'ayi, ta raunin ma'aikaci na ba ta fuskar Habu a saman tsani. Da dokokin suka samu fuskoki sai suka daina bin layi, ko wacce na kira sai ta amsa daga inda take. Ranar da Inna ta kawo wani labari mai kai uku na warware mata shi kafin ta rufe baki, sai ta ce wa Balki, "Ba shi shayinsa da zafi, ya fara zama mutum."

Alhazai suka zo suka tafi. Na koma ɗakin nan mai sanyi, shafukan littafin duk suna warin albasa a hancina. Saurayin mai sa ido ya gane ni, ya sauya mini kujera da wadda ba ta kuka. Ban yi rangaji ba, ban motsa leɓe ba. Kowace tambaya ta fito sai in ga mai ita tsaye a gabana, in sallame shi, na gaba ya shigo. Da saƙon sakamako ya shigo waya Nura ce ta karanta, ta yi guɗar da ban san ta iya ba. Na sayi rago, Ammi Sale ya miƙa mini makulli a gaban kowa, ya ce in kula da ƙofar baya, tana cijewa.

Na ɗauka an gama. Saura mayar da ikamar mutanena ƙarƙashin sabon sunan shago, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da rubutacciyar yarjejeniyar aiki tsakanina da kowannensu. Nura ta buga, na kai shago. Biyun suka sa hannu suna wasa. Habu ya ɗaga takardar ya dube ta gaba da baya, ya ajiye a kan tebur.

"Ni za ka ba takarda, Usmanu?"

"Doka ce, Habu."

"Tun ba mu da gemu muke cin kwano ɗaya. Ni na wanke gawar babanka da hannuna. Ammi Sale Fatiha muka shafa da shi, ta riƙe mu har yau. Yanzu ka yi karatu, na zama wanda sai an ɗaure da rubutu kar ya gudu?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Kwana da kwanaki bai zo shago ba, waya kuma ba ya ɗauka, ga takardar Ammi Sale tana ta ƙarewa kamar kyandir. Sai wata safiya na ɗauki yarjejeniyar na tafi gidansa a Rusaifa, na zauna a kan matakala daidai ƙofarsa. Hauwa ta kawo mini shayi, na ce ba zan sha ba. Ta kawo ƙosai, na kau da kai, kuma kun san ni da ƙosai. Rana ta hau, maƙwabta suka fara leƙe. Can sai ga shi ya fito da singileti, fuska a murtuke.

"Tashi, kana tara mini jama'a."

"Ba inda za ni. Na bar tsani, na bar majalisa, na rasa Ɗan'azumi, na sha shayi mai sanyi har hanjina ya daskare, duk don kar a ɗaga ka daga garin nan. Ba kai takardar nan ta ɗaure ba, ni ta ɗaure. In ka faɗo daga tsani, ita za ta tilasta ni in tsaya wa Hauwa. In ni na mutu gobe, magadana ba za su ce ba su san zance ba. Fatiha za mu shafa, goma ma in kana so. Amma sai ka sa hannu, ko a zo a ɗauki gawata a ƙofarka da yunwa."

"Kai ɗin? Kitsen jikinka zai kai ka azumi."

"To sai mu zauna har azumin."

Ya daɗe a tsaye yana kallon takardar. Hauwa tana bayan labule, na ji ta ja hanci. Sai ya tsuguna kusa da ni a kan matakalar, ya ɗaga hannu, muka shafa Fatiha, ya karɓi biro, ya ɗora takardar a bayana don babu tebur, ya rubuta sunansa da ƙarfin da sai da na ji kowane harafi a ƙashin bayana.

"Hauwa," ya ce, "dawo da ƙosan nan, maigidana zai ci. Sannan ki miƙo mini rigar aiki."